Idan Ciwo Ya Taɓa Hanyar Abinci: Takardar Likita Da Haƙƙin Ma'aikaci

Wata Talata cikin hunturun bara, bayan sallar Asuba, wani bawan Allah ya tsaya a bakin masallaci har jama'a suka watse. Na san shi shekaru da dama. Direba ne a wani kamfani mai zaman kansa, mutum mai yawan shiru, wanda ba ya fashin sahun farko sai in tafiya ta kama shi. Da muka gaisa sai ya rusuna, ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Allah ya gafarta Malam, ka san na kwanta, kai da kanka ka zo duba ni. To ga shi an ba ni kwiri, an tsayar da albashina, an ce in kawo shaida cikin mako biyu ko a sallame ni. Shi ne na ce ko za ka taimaka ka rubuta mini wasiƙa, tunda su ma sun san ka."

Na ce masa: "Malam, wasiƙa kam zan rubuta, in ce na gan ka kwance ranar kaza da ranar kaza, domin abin da idona ya gani ke nan. Amma ni ban san sunan ciwonka ba, kuma ba ni da ilimin da zan ce ya hana ka tuƙi. Wane asibiti ka je?"

Sai ya sunkuyar da kai. Ashe mako biyar ɗin da ya yi a kwance bai taka asibiti ba. Wani maƙwabcinsa ma'aikacin jinya ne yake zuwa da yamma ya sa masa ƙarin ruwa, ɗansa ya karɓo ƙwayoyi a kemis, surukarsa kuma ta aiko da sassaƙe daga ƙauye. Shekara biyu kafin nan an taɓa gaya masa a asibiti cewa yana da ciwon suga. Ya ninke katin ya ajiye, bai koma ba, bai kuma gaya wa kowa a wurin aiki ba, don tsoron kada a karɓe makullin mota. Yanzu ga ciwo na gaskiya, ga unguwa guda ta shaidu, amma babu ko layi ɗaya a rubuce da ofis zai karɓa.

Ba shi kaɗai ba ne. Duk limamin da ya daɗe a unguwar ma'aikata ya ga irin wannan: malamin firamare da hawan jini ya kayar, ma'aikacin masana'anta da bayansa ya riƙe, mai gadi da tarin fuka ya cinye, matar aure ma'aikaciya da take fama da amosanin jini tana ɓoyewa. Dalilan ɓoyon sanannu ne. Akwai tsadar asibiti da dogon layi, akwai tsoron kora, akwai kunya. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu mu masu wa'azi, wato yadda wasu suka fahimci haƙuri. Mun daɗe muna cewa mumini ba ya yawan kuka da ciwo, kuma gaskiya ne, sai dai ba koyaushe muke ƙarasa bayanin ba. Kukan da malamai suka ƙi shi ne na fushi da hukuncin Allah. Sanar da likita, ko sanar da wanda yake da haƙƙi a kan lokacinka, ba ya cikin wannan. Sahabi Imrana bin Husaini, Allah ya yarda da shi, basir yake fama da shi, ciwon da har gobe mutane suke jin nauyin ambata. Bai ɓoye ba. Ya tambayi Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yadda zai yi salla, aka ba shi sauƙin yin ta a zaune ko a kishingiɗe idan tsayuwa ta gagara. Sauƙin da marasa lafiya suke sallah da shi har yau ya zo mana ne ta hanyar mutumin da ya faɗi ciwonsa. Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi.

Kafin maganar takarda, akwai tambayar da masu tsoron Allah sukan yi mini a keɓe: shin albashin kwanakin da ban je aiki ba halal ne? Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙodago gida biyu. Akwai wanda ake biya a kan aikin da ya gama, kamar tela ko maƙeri da yake karɓar aikin kowa. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya sayi lokacinsa na wata ko na shekara, kuma ma'aikacin albashi a nan yake. Asalin hukunci shi ne lada yana fuskantar amfani, don haka idan ciwo ya hana aiki, ƙulla yarjejeniyar kaɗai ba ta wajabta ladan waɗannan kwanaki ba. Amma Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kuma abin da ya zama sananne tsakanin mutane yana zama kamar sharaɗin da aka furta. Idan dokar ƙasa ko takardar ɗaukar aiki ta ce za a biya ma'aikaci kwanaki kaza na jinya, wannan ya shiga cikin yarjejeniya tun ranar da aka sa hannu. Kuɗin halal ne, ba sadaka ba ne, ba kuma alfarmar manaja ba ce. Sai dai sharaɗin yana da ƙafa biyu: mai aiki ya biya, ma'aikaci ya kawo hujja. A shari'a ma ƙa'ida ce cewa hujja tana kan mai da'awa.

To me dokar Nijeriya ta tanada? Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi har kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ya hana shi zuwa, da sharaɗin likita mai rajista ne ya tabbatar da ciwon. A lura da kalmar: likita mai rajista. Mai kemis ba ya ciki, mai maganin gargajiya ba ya ciki, limami ma ba ya ciki, komai girman rawaninsa. Sashen ya kuma ba mai aiki damar ya ce likitan da shi ya zaɓa ya sake duba ma'aikacin, kuma ƙin yarda da hakan yana iya zubar da haƙƙin. Wannan doka ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan jami'ai da ƙwararru haƙƙinsu yana cikin takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin ma'aikatarsu, kuma kamfanoni da yawa suna ba da fiye da kwana 12. Abin takaici, mutum zai yi shekara goma yana aiki bai taɓa buɗe wannan kundi ba sai ranar da aka miƙo masa kwiri.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya kuwa, ƙa'idojin aikinsu sun ƙayyade hutun jinya ga wanda ba a kwantar a asibiti ba zuwa kwana 42 a cikin wata 12. Idan ya wuce haka sai a gabatar da shi gaban kwamitin likitoci, su duba ko zai iya ci gaba da aiki. Jihohi kowacce da nata kundin, ko da yake sukan yi kama da na tarayya. Mutane suna jin sunan wannan kwamiti gabansu ya faɗi, alhali sau da yawa shi ne ƙofar da ake bi a sauya wa mutum aiki zuwa mai sauƙi, ko ya yi ritaya da haƙƙinsa cikakke maimakon a kore shi a kan laifin fashin aiki.

Yanzu ga yadda ake gina hujjar, kuma nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Shaidar likita ba abu ba ce da ake saya rana ɗaya. Tarawa ake yi. Tushenta shi ne fayil ɗinka na asibiti. Duk ranar da ka ga likita, ya rubuta kwanan wata da abin da ka faɗa da abin da ya gani da maganin da ya ba ka, to ka ajiye wa kanka shaida ɗaya. Likitan da za ka roƙa ya rubuta rahoto daga baya ba daga kansa zai rubuta ba, daga wannan fayil zai ɗebo. Wanda yau yana wannan asibiti, gobe yana wancan, jibi yana kemis, ya warwatsa shaidunsa. Gara a riƙe asibiti ɗaya, a adana lambar kati kamar yadda ake adana lambar asusun banki, a kuma ajiye sakamakon gwaji, hoton ƙirji ko na ƙashi, takardar sallama idan an kwanta, har da rasiɗan magani. Yanzu da kusan kowane gida akwai waya mai kyamara, ɗaukar hoton kowace takarda ba ya cin minti ɗaya. Tun ran gini, tun ran zane.

Takardun kuma iri biyu ne, kada a cakuɗa su. Ta farko ita ce gajerar takardar uzuri da likita yake bayarwa ranar da ya duba ka, mai cewa a ɗaga maka aiki kwana uku ko mako guda, ko a ba ka aiki mara nauyi. Ita ake nema nan take, kafin a bar ɗakin likita, a kai ofis a ranar ko washegari, ko da ta hannun ɗa ko mata ne. Idan kwanakin sun ƙare ciwo bai saki ba, a koma a sabunta, kada a bar giɓi a tsakani. Ta biyu ita ce cikakken rahoton likita, wanda ake buƙata idan ciwon ya daɗe har an fara maganar makomar aikin. Wannan akan nema ne a rubuce ta hannun hukumar asibiti, a biya kuɗinsa a karɓi rasiɗi, kuma yakan ɗauki kwanaki, don haka duk wanda aka ba wa'adi ya rubuta wa ofis cewa ya nema, ya haɗa da kwafin rasiɗin. Ma'aikatu da dama sun fi amincewa da rahoton asibitin gwamnati ko asibitin da suka yi wa ma'aikatansu rajistar inshorar lafiya. A tambaya tun farko, kada a yi wahalar banza. Kuma duk abin da za a miƙa, a miƙa kwafi a riƙe na asali, a sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Fayil yana ɓata a ofis, wani lokaci da gangan.

Wani abu da marasa lafiya ba sa yi shi ne gaya wa likita irin aikinsu. Likita ya san ciwo, amma bai san cewa kana tsayuwa awa takwas a gaban inji ba, ko kana ɗaukar buhu, ko kana tuƙin dare daga Kano zuwa Legas. Rahoton da ya ce kawai wane yana da ciwon baya ba ya amfanin kowa. Rahoto mai amfani shi ne wanda ya faɗi tun yaushe ake duba ka, abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba a yanzu, tsawon lokacin da ake sa ran sauƙi, da irin aikin da ya dace da kai kafin nan. Ka faɗa masa halinka na mummunar rana, ba na ranar da ka ji dama-dama ba. Mu Hausawa in an tambaye mu jiki, amsa ɗaya ce, "da sauƙi", ko da ana riƙe da mu ne. Wannan ladabi ne mai kyau ga mai dubiya. A gaban likita kuwa, in ka ce da sauƙi, da sauƙi zai rubuta.

Masu jin tsoron tonon asiri su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mayar da bayanin lafiyar mutum sirri, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta, ko inda ɓoyewar za ta cutar da jama'a. Kana iya tattaunawa da likita a kan iyakar abin da za a rubuta. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana nuna wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau bambanci a wurin aiki. Amma sirri yana da iyaka a addini ma. Direban da idonsa yake hazo, ko mai farfaɗiya da yake hawa sama yana aikin lantarki, idan ya ɓoye don kare albashi, rayukan wasu ya sa a caca. Wannan na faɗa wa mutumina ƙarara a safiyar nan, ko da yake na ga bai ji daɗi ba.

Ga 'yan'uwanmu likitoci, takardar da kuke sa wa hannu shaida ce da sunanta na shari'a. A ƙarshen Suratul Baƙara, a ayoyi na 282 da 283, an hana shaidu ƙin amsa kira idan an neme su, an kuma hana ɓoye shaida, aka siffanta mai ɓoyewar da mai zunubin zuciya. Na san halin da ake ciki: likita ɗaya, marasa lafiya cike da baranda, ga abokan aiki suna ta ficewa ƙasashen waje. Rubuta rahoto a irin wannan yanayi kamar ƙarin kaya ne. Amma ga mai gadin da yake tsaye a bakin ƙofa sau na huɗu yana jiran sa hannu, wannan shafi guda shi ne abincin gidansa. Kuma don kada wani ya yi ƙyamar rahoton likitan da ba Musulmi ba: malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shehu Halilu a babin aibin haja, sun karɓi maganar masani ko da ba Musulmi ba ne idan ba a sami adali ba, domin abin da ake nema a wurinsa sani ne.

Ɗaya fuskar kuma dole a faɗe ta. Kowa ya san ana sayar da takardar asibiti. Mutum zai tafi biki ko kasuwanci, ko yana son ƙarin kwanaki bayan Umara, sai ya nemi wani a asibiti ya buga masa hatimi. Wannan shaidar zur ce, wadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya lissafa cikin mafi girman zunubai. A hadisin Abu Bakrata yana kishingiɗe, da ya zo kanta sai ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Mai rubutawa da mai nema sun yi tarayya, albashin kwanakin kuma haram ne. Likitan da aka kama yana iya fuskantar hukuncin hukumar da take ba shi lasisi, ma'aikacin kuma ya ba da hujjar korarsa da hannunsa. Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda take faɗawa kan mai ciwon gaske: saboda takardun ƙarya sun yi yawa, sai manaja ya karɓi ta gaskiya yana yatsina. Haka nan roƙon likita ya mayar da kwanan wata baya, ya ce ya duba ka ranar da bai gan ka ba, ƙarya ce ko da ciwon gaskiya ne.

Idan kuwa aikin ne ya jawo ciwon, to wata doka ce dabam, wato Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Mai aiki ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, ba a cirewa daga albashin ma'aikaci. Ta ƙunshi rauni a bakin aiki, cututtukan da sana'a take haifarwa, kurumcewa saboda ƙarar inji, har da haɗari a kan hanya tsakanin gida da wurin aiki. Wa'adinta ne yake kayar da mutane: a sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Wanda inji ya ji wa ciwo aka kai shi wurin maɗori aka yi shiru, bayan shekara biyu hannu ya shanye, zai sha wuya kafin ya haɗa raunin da aikin. A gaya wa likita tun ranar farko cewa a wurin aiki abin ya faru, ya shigar da shi fayil.

Ga wanda ciwo ya kai shi inda ba komawa, Dokar Fansho ta 2014 ta yarda ya taɓa asusunsa kafin shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikin ba. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba yana iya cirar kashi 25 cikin 100. Shi ya sa nake gargaɗin kada mutum ya rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi ko don an lallashe shi, kafin ya nemi shawarar ƙungiyarsu ta ƙwadago ko lauya. Idan an zalunce shi, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da take saurare kyauta, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da wasu biranen. Su ma abin da za su fara tambaya takarda ce.

Duk wannan bai taɓa yaron shago, ɗan dako, 'yar aikin gida da malamin Islamiyya ba, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki balle fansho, kuma su ne mafi yawa. Su ba kwamiti a gabansu sai imanin maigida. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa a yarjejeniyar Khalid bin Walid da mutanen Hira, tsohon da ya gaza aiki ko wanda wata musiba ta nakasa an ɗauke masa jiziya, an kuma ɗora ciyar da shi da iyalinsa a kan baitulmali, alhali ba Musulmi ba ne. Alhajin da yaronsa ya yi masa shekara 15 a shago, ciwon ƙoda ya kama shi, sai ya ce ya je gida ya huta ba tare da sisi ba, ya auna kansa da wannan.

Mutumina dai a ranar muka tura ɗansa ya nemo tsohon katin, aka same shi cikin akwatin uwargida. Da lambar aka zaro fayil ɗinsa na shekara biyu baya. Likitan da ya duba shi ya ƙi rubuta cewa ya san kwanciyar mako biyar ɗin, kuma ya yi daidai. Amma akwai gwajin jini da yake nuna yadda suga ya kasance a jiki cikin wata biyu zuwa uku da suka gabata, ya sa aka yi, ya tura shi wurin likitan ido, sannan ya rubuta abin da ya gani: ciwo ne daɗaɗɗe da ya tsananta, bai dace ya yi tuƙi yanzu ba, zai iya aikin zaune. Na haɗa da tawa wasiƙar, layi huɗu. Ba a sallame shi ba. An mayar da shi sito yana rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, alawus ɗin tafiya ya tafi, cikin mako biyar ɗin kuma kwana 12 kaɗai aka biya shi. Duk ranar Alhamis ta farkon wata yanzu ba a ganin sa a zaman karatun bayan Asuba, yana can ya kama layin ganin likita.